Rigar shan gumi: inda take aiki da inda ake ɗora mata abin da ba ta iya ba

A Ƙofar Wambai ta Kano, ko a duk kasuwar da ake fasa dilar gwanjo, akwai wata riga da ba ta daɗewa a gaban mai kaya. Ƙaramar riga ce mai gajeren hannu, shara-shara, mai santsi, idan ka ɗaga ta a rana sai ka ga haske yana ratsowa ta 'yan ramuka a jere. Ba ta da nauyi, ba ta yamutsewa, a wanke ta da safe kafin hantsi ta bushe. A gefen cikinta akwai ɗan ƙyalle da aka rubuta cewa poliyesta ce zalla. Masu rububinta su ne samarin da ke fita gudu bayan sallar asuba, da 'yan ƙwallon unguwa, da sabon rukunin nan na masu tattaki da ke haɗuwa ranar Asabar su hau duwatsun da suka kewaye Abuja ko na Shere a Jos. Kamfanonin da ke yin ta sun ce tana zuƙe gumi daga fata, ta bushe nan take, ta bar mutum cikin sanyi. Dattawa kuwa, da duk wanda ya taɓa ɗinka yadin roba ya sa a watan Afrilu, cewa suke yi roba roba ce, ba ta jawo komai sai zafi da ƙuraje. Kowane ɓangare da tasa gaskiyar, sai dai dukansu sun ɗora wa zare nauyin da ba nasa ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne irin iskar da mutum zai shiga da rigar, da kuma yadda aka yanka ta. Kayan aiki ce da aka ƙera don wata matsala takamaimai, kuma wannan matsalar ba busasshen zafin bazara ba ce.

Sai an fara da jiki kafin a zo kan riga. Mutumin da ke hawan dutse da jaka a baya abincin da ya ci yake ƙonawa, kuma kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ne kawai na wannan ƙarfin yake tafiya wajen ɗaga ƙafa. Sauran duk zafi ne da dole ya fita daga jiki. In gari da sanyi, iska ce ke kwashe shi daga fata. Amma ɗumin fatar mutum yana tsakanin digiri 33 zuwa 35 ne a ma'aunin Salshiyas, saboda haka da zarar zafin gari ya haura haka, kamar yadda yake yi kusan kullum a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram a watannin Afrilu da Mayu, sai al'amarin ya juye, iskar da ke kaɗawa ta koma ƙara wa jiki zafi. Ƙofa ɗaya ta rage ke nan, wato gumi. Shi ma gumin, ba fitowarsa ce ke sanyaya mutum ba, bushewarsa ce. Duk lita ɗaya da ta koma tururi a kan fata tana tafiya da zafin da ya kai kimanin kilokalori 580, mai aikin ƙarfi a rana kuwa yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu a sa'a guda. Gumin da ya ɗiga ƙasa, ko wanda aka share da tawul, asara ce kawai. Jiki ya rasa ruwa da gishiri, bai samu sanyin komai ba.

Duk gidan da ke da randa an san wannan ilimin ko ba a karanta shi a littafi ba. Ruwan randa yana sanyi ne saboda yana tsatsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa a waje, bushewar kuma tana jan zafi daga ruwan da ke ciki. A kan haka ne Malam Mohammed Bah Abba ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta ba manoman Jigawa damar ajiye tumatir da ganye kwanaki ba su lalace ba, ta kuma ci masa kyautar Rolex a shekarar 2000. Abin lura shi ne randa ta fi sanyi a bazara, sa'ad da iska ta bushe ƙamas. A tsakiyar damina, lokacin da iska ta ƙoshi da danshi, sai ka ga jikinta jagab amma ruwan ba wani sanyin a zo a gani. Jikin ɗan Adam haka yake. Tambayar da ta kamata a yi wa kowace riga ita ce: a cikin irin wannan iskar, tana taimaka wa gumi ya bushe dab da fata, ko tana hana shi?

Auduga da poliyesta halinsu ba ɗaya ba ne. Zaren auduga yana shan ruwa har cikinsa, ya kumbura. Ko rigar da ke rataye a ɗaki, wadda kowa zai ce busasshiya ce, in ta auduga ce tana riƙe da danshin da ya kai kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinta, alhali poliyesta ba ta riƙe ko kashi 1. Idan gumi ya yi yawa sai rigar auduga ta yi nauyi, zaren da ya kumbura ya toshe kafofin da iska ke bi, ta manne a gadon baya, ta daɗe ba ta bushe ba. Poliyesta kuwa daga man fetur take, danginta ɗaya da robar gorar ruwa. John Whinfield da James Dickson ne suka haɗa ta a Ingila a 1941. Ruwa ba ya shiga cikin zarenta. Abin da masana'antu suka yi daga baya shi ne suka sauya siffar zaren, maimakon ya fito mulmulalle sai aka yi masa 'yan magudanai a tsawonsa, aka kuma shafa masa sinadarin da ke sa ruwa ya bazu. Ɗigon gumi ɗaya sai ya bi magudanan nan ya watsu a faɗi maimakon ya taru wuri guda, abin da ya bazu kuwa ya fi saurin bushewa. Zaren Coolmax mai magudanai huɗu, wanda kamfanin DuPont ya fitar a 1986, shi ne sanannen misali. Wannan ɓangaren na maganar ba zaƙin bakin 'yan talla ba ne, kowa zai iya tabbatarwa da cokalin ruwa da igiyar shanya.

Amma a duba inda buƙatar ta taso. Ba a hamada aka fara neman irin wannan tufafi ba. Kamfanin Helly Hansen na ƙasar Norwe ne ya yi suna da rigar ciki ta roba mai suna Lifa tun shekarun 1970, don masu wasan zamiya a kan ƙanƙara da masu aiki a waje cikin hunturu, sannan Patagonia ta Amurka ta fito da Capilene a 1985 don masu hawan tsaunuka. Damuwar waɗannan mutane sanyi ce. Mutum ya yi gumi yana hawa, ya kai ƙololuwa ya tsaya, iska mai sanyi ta same shi da jiƙaƙƙiyar riga a jiki. Ruwa yana kwashe ɗumin jiki fiye da iska kusan ninki 25, kafin a ankara sai makyarkyata, daga nan sai ruɗewa, wani lokacin har rasa rai. Shi ya sa masu tattaki a Amurka suke nanata wa sabon shiga cewa auduga kisa take yi. A wurinsu amfanin rigar roba shi ne ta hana jiki hucewa da sauri bayan an tsaya. Wato aikin farko da aka ƙirƙire ta dominsa shi ne rage sanyin da jiƙaƙƙen tufafi ke sa wa mutum, alhali wannan sanyin ne mai tafiya a ranar Afrilu yake nema ido rufe.

Daga baya ne kasuwar ta juya fuska zuwa zafi. Nike ta fito da Dri-FIT a farkon shekarun 1990. A 1996 kuma Kevin Plank, wanda ya yi wa Jami'ar Maryland wasan ƙwallon Amurka, ya kafa Under Armour saboda ya gaji da canza rigar auduga da ke jiƙewa sharkaf a ƙarƙashin sulken wasa. Ƙorafinsa gaskiya ne, amma a ga halin da yake ciki: riga ce a ƙarƙashin sulke, inda iska ba ta ratsawa, abin da yake nema kawai kada ta yi masa nauyi. Da aka zo talla sai aka yi wa abu biyu kuɗin goro, bushewa da sanyi, har mai saye ya ɗauka duk rigar da ta bar shi a bushe ta sanyaya shi. Jin daɗin fata daban, zafin cikin jiki daban, kuma na biyun ne yake kai mutum asibiti.

An auna wannan. A 2001 Timothy Gavin da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a Amurka. Sun sa maza 8 da suka saba da motsa jiki suka yi gudun minti 30, sannan tafiyar minti 15, a ɗaki mai zafin digiri 30 da danshin kashi 35 cikin 100. Kowannensu ya yi sau uku, da tufafin poliyesta, da na auduga, da kuma ba riga. Auduga ta fi riƙe gumi kamar yadda aka zata. Amma zafin cikin jiki da na fata, a lokacin gudun da bayansa, ba su bambanta ba. Wani zai ce mutum 8 ba su isa hujja ba, kuma digiri 30 ai sanyin safiya ne a Sakkwato. Haka ne. Sai dai wanda ya ce kayansa suna sanyaya jiki, a kansa kawo shaida yake, kuma akasarin gwaje-gwajen da suka biyo baya bambancin da suke samu ɗan kaɗan ne, galibi ma a yadda mai riga yake ji ne, ba a abin da ma'aunin zafi ya nuna ba.

Akwai ma dalilin da zai sa saurin bushewar ya zama aibi a busasshen zafi. Farfesa George Havenith na Jami'ar Loughborough a Ingila da tawagarsa sun nuna a 2013 cewa gwargwadon nisan inda gumi ya bushe daga fata, gwargwadon raguwar sanyin da jiki ke samu. Gumin da ya bushe a kan fata daga jiki yake ɗaukar zafinsa. Wanda aka janye zuwa bayan riga ya bushe a can, wani kaso na zafin daga iskar gari yake ɗauka, an sanyaya iska ke nan an bar mai riga. To, mai tafiya a dajin Yobe ko na Tawa a watan Afrilu, lokacin da danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20, ba ya fama da gumin da ya ƙi bushewa. Sau da yawa ko ganin gumin ba ya yi, sai dai da yamma ya tuɓe ya ga farin zanen gishiri ya kewaye bayan rigarsa da bakin hularsa. Abin da ya yi masa ƙaranci ruwa ne, ba hanyar busar da shi ba. Rigar da za ta riƙe ɗan danshi ta riƙa sakinsa sannu a hankali a jikin fata ita ce ke yi masa aikin randa. A Grand Canyon da ke jihar Arizona ta Amurka, inda zafi a ƙasan kwarin kan wuce digiri 43 a lokacin zafi, jami'an gandun suna shawartar masu tattaki su jiƙa kansu da tufafinsu sharkaf a duk inda suka samu ruwa, su kuma ƙaurace wa tafiya tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma. Ka jiƙa rigar poliyesta a irin wannan wuri, 'yan mintuna ta bushe ta bar ka da rana. Ta auduga za ta raka ka nesa. A ƙasar da aka ce auduga na kisa, a nan ne kuma masu tafiya a hamada suke komawa gare ta.

Sannan ga batun yanka, wanda a ganina ya fi na zare muhimmanci, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Da tsakar rana, in gari ba gajimare, hasken rana yana sauke zafin da ya kai kimanin wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita. Ƙaramar riga mai gajeren hannu tana barin damatsa da wuya da ƙeya a fili suna karɓar wannan kai tsaye. A 1980 mujallar Nature ta buga wani bincike da Amiram Shkolnik da abokansa suka yi a hamadar Negev, don gano dalilin da ya sa Larabawan ƙauye ke sa baƙaƙen riguna a rana. Sun tsayar da mutum a rana da baƙar riga mai faɗi, da fara irinta, da kakin soja, da gajeren wando kawai. Baƙar rigar ta fi ɗaukar zafin rana nesa ba kusa ba, amma zafin da ya isa jikin mutumin a cikinta daidai yake da na cikin farar, domin ƙarin ya salwanta kafin ya kai fata. Iska ce ke zagayawa tsakanin yadi da jiki tana fita da shi. In har launi, wanda kowa ke rantsuwa da shi, zai iya rasa tasirinsa a gaban faɗin riga, to sunan zaren da aka rubuta a wuya ba zai fi shi ƙarfi ba. Buzun Agadas da ya lulluɓe jikinsa ya bar ido kawai, da Bafulatanin da ke bin shanu da riga mai faɗi da malfa, ba rashin sanin kayan zamani ne ya sa su haka ba. Nan kuma rigar shan gumi take shiga tsaka mai wuya: sai ta taɓa fata take iya zuƙe gumi, shi ya sa ake ɗinka ta a matse, matsin kuma shi ke kashe zagayawar iskar da ake buƙata. Masu yin kayan tattaki sun fara gane haka, don rigunan da suke yi wa masu tafiya a rana yanzu sakakku ne, da dogon hannu, wasu har da hula a haɗe.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan magana ce ta Sahel, shi kuwa a Legas yake, ko Fatakwal, ko Kumasi. Ya yi gaskiya, kuma a nan ne rigar take cin kuɗinta. Inda danshin iska ya kai kashi 80, gumi ba ya bushewa, kwarara yake yi. Rigar auduga ta cika ta tumbatsa cikin rabin sa'a, ta toshe, ta yi nauyi, kuma ba za ta bushe ba har a dawo gida. Jiƙaƙƙen yadi yana goga fata fiye da busasshe. Wanda ya ɗauki jaka a baya ya yi tafiyar yini ya san inda abin yake tsayawa: kafaɗa, da hammata, da ƙugu inda maɗaurin jaka ya zauna, duk su yi ja su saɓule. Rigar poliyesta mai ramuka ba ta kumbura, iska ko ƙanƙanuwa ce tana ratsa ta, kuma ba ta tara ruwan da zai yi nauyi. Ko ba ta rage zafin cikin jiki da digiri ɗaya ba, ta rage wahala, kuma wahala ba ƙaramin abu ba ne ga mai tafiyar kilomita 20. Haka yake a Kano ko Zariya a watan Agusta, sa'ad da aka ɗauke ruwa rana ta fito gari ya yi turiri. Wanda zai kwana uku a hanya da riga biyu shi ma yana da hujjarsa, don wadda zai wanke da dare ta bushe kafin asuba ta fi masa.

Haka nan mai hawan tsauni na gaske. Kilimanjaro tana da tsayin mita 5,895, ana fara ta cikin daji mai ɗumi a ƙare ta cikin ƙanƙara. Chappal Waddi da ke gandun Gashaka Gumti a Taraba ta kai mita 2,419, tsaunukan Bagzan a Ayar sun haura mita 2,000, kuma duk wanda ya kwana a Gembu ko Jos cikin hunturu ya san rana na faɗuwa labari ya canza. A irin waɗannan wurare gargaɗin Amurkawa yana nan da ƙarfinsa, jiƙaƙƙiyar auduga da iskar yamma haɗari ne, kuma rigar roba ko ta ulu mai laushi ce ta dace da jiki. Matsalar ita ce an ɗauko dokar tsauni an shimfiɗa ta a fako.

Su ma masu cewa roba roba ce sai a ja musu birki. Yadin da ya ƙona su a bazara saƙar sanda ce mai matsi, wadda aka yi don ta yi ƙyalli ta riƙe guga, iska ba ta shiga ruwa ba ya fita. Zarensu ɗaya da rigar motsa jiki, amma saƙar ta bambanta. Kuma ba duk abin da aka rubuta wa poliyesta ne yake shan gumi ba. Jesin ƙwallo na jabu da suka cika kasuwa, da rigunan da 'yan siyasa ke rabawa da hoton ɗan takara a ƙirji, da yawansu ba a yi musu komai ba na watsa ruwa, fentin hoton ma wani bango ne da ke toshe gaban rigar gaba ɗaya. Gane bambancin ba wuya. A juya rigar a ɗiga ruwa a cikinta: in mai kyau ce, kafin ka ƙirga biyar ɗigon ya nutse ya bazu, in ba haka ba sai ya tsaya tsuru yana gangarawa kamar an zuba a kan leda. Sannan a kafa baki a hura, a ji ko iska na fita ta ɗaya gefen.

Akwai kuma farashin da ba a rubutawa a jikin riga, na farkonsa wari. Wannan ba zargi ba ne. A 2014 Chris Callewaert da abokansa a Jami'ar Ghent ta Beljiyam suka karɓi rigunan mutum 26 bayan sun yi sa'a guda suna tuƙa keken motsa jiki, suka ajiye su sa'a 28, sannan suka ba ƙwararrun masu shinshina. Rigunan poliyesta sun fi na auduga ɗoyi, kuma a kansu ne wasu ƙwayoyin bakteriya da ake kira Micrococcus suka fi yaɗuwa. Dalilin a fili yake. Poliyesta ba ta son ruwa amma tana son maiƙo, sai ta kama maiƙon jiki ta riƙe, abin da ke wari kuma ya zauna a saman zaren maimakon ya shige ciki kamar yadda yake yi a auduga. Shi ya sa za a wanke rigar tas, a sa ta, jiki na ɗumama tsohon warin ya taso. Ga mutanen da ke shiga sahu sau biyar a rana kafaɗa da kafaɗa, wannan ba abin rainawa ba ne. Maganinsa a wanke ta da zarar an tuɓe, kada a dunƙule ta a jaka ta kwana. Kada kuma a zuba mata ruwan tausasa tufafi mai ƙamshi, domin yana lulluɓe zaren ya kashe aikin shan gumin da aka saye ta dominsa.

Na biyu ya fi haɗari, wato wuta. Poliyesta tana narkewa a wajajen digiri 250, in ta narke kuma mannewa take yi a fata. A 2006 rundunar Marines ta Amurka da ke Iraƙi ta hana sojojinta sa irin waɗannan riguna idan za su fita daga sansani, bayan likitoci sun ga yadda suke narkewa a jikin waɗanda bam ya tashi da su. Mai tattakin da zai hura wuta da dare ya kamata ya san haka. Amma waɗanda abin ya fi shafa su ne mutanen da rigar ke isa gare su ta hanyar gwanjo ba tare da wani bayani ba: mai walda, mai shayi, mai suya, ɗan bumburutu, mai gyaran janareto. Yawancinsu don arha da saurin bushewa suke sa ta, ba wanda ya gaya musu tartsatsi ɗaya zai iya liƙa musu ita a ƙirji.

Ta fuskar kariya daga hasken rana kuwa, poliyesta ce a gaba. Siririyar farar rigar auduga kariyarta kaɗan ce, tana ƙara raguwa in ta jiƙe, alhali riga mai lambar UPF 50 kashi ɗaya cikin 50 kawai take bari ya wuce na hasken da ke ƙona fata. Ga zabiya, waɗanda cutar dajin fata ke yi wa barazana kullum, irin wannan riga mai dogon hannu magani ce. Sai kuma abin da take bari a ruwan wanki. Fiye da rabin zaren da duniya ke samarwa yanzu poliyesta ne, kuma binciken da Imogen Napper da Richard Thompson suka yi a Jami'ar Plymouth a 2016 ya nuna wankin inji ɗaya na kilo 6 na tufafin roba yana iya sakin ɓurɓushin zare dubu ɗaruruwa. Ba sa ruɓewa, kwata ce ke kai su rafi.

Duk da haka kada a manta da girman abin da ake magana a kai. Ranar 3 ga Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali. A irin wannan rana ba rigar da za ta hana zafin cikin jiki haura digiri 40 in mutum ya dage sai ya yi tafiya da azahar, kuma daga nan ne ake fara jiri, da ruɗewar magana, da faɗuwa. Haɗarin rigar da aka tallata da sunan sanyi shi ne ta sa wa mai ita ƙarfin gwiwar da bai dace ba, ya ji fatarsa a bushe ya ɗauka lafiya lau, alhali ruwan jikinsa ƙarewa yake yi. Lokacin fita, da yawan ruwan da aka ɗauka, da ɗan gishiri da sukari a cikinsa, da inuwar da za a zauna a jira la'asar, su ne ke rabawa tsakanin wanda ya dawo da ƙafarsa da wanda aka ɗauko.

Saboda haka mai shirin tattaki ya duba kalanda da taswira kafin ya duba sunan kamfani. In damina ce, ko kudu zai nufa, ko tsauni zai hau ya kwana, ko jaka mai nauyi zai goya yini guda, ya sayi rigar shan gumi, ya gwada ta da ɗigon ruwa a gaban mai kaya, ya zaɓi wadda ba ta matse shi ba. In kuwa bazara ce a Arewa, sakakkiyar riga mai dogon hannu ta siririn yadin auduga, da malfa, da gorar ruwan da zai riƙa yayyafa mata, sun fi masa ƙaramar rigar roba ko nawa aka saye ta.